Fure ya gama, shuka ta fara ja da baya: ajali ne ko ruɓa?

Akwai wata fulawar ado da ake sayarwa cikin 'yar tukunya, ganyenta dogaye masu sheƙi sun jeru a kewaye, daga tsakiyarsu kuma kai ya fito ja jawur, wani rawaya, wani ruwan goro. Guzmaniya ake ce mata. Ana kai ta kyauta ga wanda ya tare a sabon gida, ana ganin ta kan teburin manyan ofisoshi da zauren karɓar baƙi na otal. Takan yi wata uku, huɗu, wani sa'in har shida launinta bai gushe ba, har baƙo ya kai hannu ya taɓa don ya tabbatar ba ta roba ba ce. Daga nan sai jan ya fara dusashewa, ya koma kore-kore, ya koma ruwan ƙasa. Bayan 'yan makonni ganyen ƙasa su bi sahu.

A nan ne mai ita yakan ruɗe. Wani ya ƙara ruwa safe da yamma. Wani ya barbaɗa takin zamani. Wani ya fitar da ita tsakar gida wai ta sha rana, wani kuma ya haƙura ya juye tukunyar a bola. Tushen abin duk ɗaya ne: an ɗauka ciwo ne ya kama shukar, alhali a mafi yawan lokuta lafiyarta lau. Guzmaniya sau ɗaya take fure a rayuwarta, idan ta yi shi kuwa ta kama hanyar tafiya, babu ruwa ko taki ko magani da zai juyo da ita. Abin da ya rage a hannun mai kula da ita shi ne 'ya'yan da take shirin fitarwa a gindinta, kuma su ake asara idan aka yi mata gaggawa.

'Yar'uwar abarba ce

Guzmaniya da abarba 'yan gida ɗaya ne. Masana tsirrai suna kiran dangin Buromeliya, akwai iri fiye da 3,000 a cikinsa, kuma dukkansu 'yan asalin nahiyar Amurka ne in ban da guda ɗaya tak, Pitcairnia feliciana, da ke fitowa a jikin duwatsun ƙasar Gini a nan Afirka ta Yamma. Abarba ce ta fara ƙetare teku bayan Kolombus ya gan ta a tsibirin Gwadaluf a 1493. Na adon sun biyo baya da nisa. Guzmania lingulata, wadda daga ita aka samo yawancin jajayen da ake sayarwa yau, ta isa Turai a 1776, ita kuma Aechmea fasciata mai ganye toka-toka da fure ruwan hoda, 'yar ƙasar Barazil, ta iso a 1828.

A can gidansu, dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da Kolombiya da Ekwado da Barazil inda ruwan sama ke zuba kusan duk shekara, Guzmaniya ba a ƙasa ta fi zama ba. A kan reshen bishiya take, ƙarƙashin inuwar ganye. Ba kauci ba ce, ba ta shan komai daga jikin bishiyar, mazauni kawai take nema. Saiwoyinta 'yan kaɗan ne, sirara masu tauri, babban aikinsu riƙo. Ci da sha kuwa ta ganye take yi. Gindin ganyen sun rungumi juna sun yi ƙoƙo a tsakiya, ruwan sama ya taru a ciki, busasshen ganye da kashin tsuntsu da matattun ƙwari su faɗa su ruɓe, wasu 'yan mitsi-mitsin ɓawo da ke shimfiɗe a fatar ganyen su tsotse abin da ya narke. Halittu da yawa a cikin wannan ƙoƙo suke rayuwa. A Kosta Rika akwai wani ƙaramin jan kwaɗo da uwar ke goya 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ta hau da su, ta ajiye kowanne a nasa ɗan ruwan da ke tsakanin ganye, sannan ta riƙa dawowa tana zuba musu ƙwai su ci.

Wanda ya riƙe wannan a ransa, rabin kulawar ta zo masa da sauƙi. Shukar da ta saba iska na kaɗa saiwarta ba za ta jure ƙasa mai caɓi ba. Hasken da ganyen bishiya ya tace ta sani, ranar azahar ƙona ta take. Ruwan sama kaɗai ta taso da shi, don haka gishirin ruwan rijiya yana damun ta.

Abin da ya sa take mutuwa

Kowace shuka tana da wurin da sabon ganye ke fitowa, wato idon tsiro. Mangwaro yana da irin wannan ido a kan kowane reshe, shi ya sa yake fure bana ya sake baɗi. Guzmaniya babban ido ɗaya gare ta, can cikin tsakiyar ƙoƙon. Shekara biyu zuwa uku idon yana fitar da ganye ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta isa fure, idon nan da kansa ne yake rikiɗa ya zama karan furen. Da ya rikiɗa shi ke nan, babu sauran wurin da sabon ganye zai fito. Tsofaffin za su ci gaba da aiki har su gaji su bushe, ba wanda zai maye gurbinsu. Duk wanda ya taɓa shuka ayaba a bayan gida ya san tsarin: uwa ta yi nono ɗaya, a sare ta, 'ya'yan da ke gindinta su tashi.

A lungunan ganyen ƙasa akwai wasu ƙananan idanu da ke barci. Muddin babban idon na aiki, yana fitar da sinadarin da ke danne su. Da ya zama fure sai dannewar ta sassauta, su farka su fara toho. Uwar kuma ta shiga kwashe abincin da ta tara a ganyenta tana tura musu. Rawayar da ake gani a tsofaffin ganye alamar wannan kwasar ce. Shi ya sa raina ba ya so in ga an yi saurin zabge ganyen uwa don kawai ta daina kyan gani: abincin 'ya'yan ake zubarwa.

Jan kan nan da ake sha'awa ma ba shi ne ainihin furen ba. Ganye ne da suka canza launi don jawo ƙananan tsuntsaye masu shan zaƙin fure. Furannin gaskiya ƙanana ne, farare ko rawaya, suna leƙowa daga tsakanin jajayen ganyen, kowanne ya yi kwana ɗaya ko biyu ya bushe. Da yake ganye ne, shi ya sa launin ke daɗewa har watanni.

Akwai kuma abin da mai sayarwa ba kasafai yake faɗa ba, wataƙila shi ma ba a faɗa masa ba. Manyan gonakin gilashi na Holan da Beljiyam, da na jihar Fulorida a Amurka, ba sa jira shukar ta yi fure don raɗin kanta. Idan ta kai girman kasuwa sai a ba ta iskar etilin ko wani sinadari da ke sakin wannan iska, dubbai su yi fure a lokaci guda, a loda su launinsu na kan ganiya. Ke nan ranar da ka saye ta, ta riga ta shiga zangon ƙarshe na rayuwarta. Haka sana'ar take, amma da ana gaya wa mai saye, da mutane da yawa ba su zargi kansu a banza ba, da kuma tukwane da yawa ba su tafi bola da 'ya'ya a ciki ba.

Yadda ake bambance tsufa da ruɓa

Sai dai kada wannan bayani ya zama mafakar sakaci. Guzmaniya tana iya mutuwa kafin lokacinta, kuma idan ruɓa ce ta kama ta, da 'ya'yan take tafiya. Don haka ɗauki tukunyar ka kai ta wurin haske ka duba da kyau.

Fara da hanci. Tsiyaye ruwan ƙoƙon ka sansana. Ɗan warin tsohon ruwa ba komai ba ne, amma ɗoyi mai hawa kai alama ce mummuna. Sai ka kama ƙaramin ganye na ciki ka ja a hankali. Mai lafiya zai yi tirjiya. Idan ya zare salin-alin, gindinsa ya yi laushi, ya yi baƙi-baƙi yana yauƙi, to zuciyar ta ruɓe. Daga nan matsa gindin shukar da yatsa biyu daidai inda ta haɗu da ƙasa. Uwar da ke tsufa gindinta da ƙarfi yake har ƙarshe, ganyenta kuma bushewa suke yi ƙamas, daga na waje zuwa na ciki, sannu a hankali, wata shida zuwa shekara, wani lokaci fiye. Ruɓa kuwa sauri gare ta, mako ɗaya ko biyu ta gama da shuka, kuma a jiƙe take. Ita ce cutar da ke cinye zuciyar abarba a gonar da ruwa ke kwanciya. Idan ka same ta, kada ka tsaya neman magani. Duba ko akwai ɗa mai tauri da ruɓar ba ta kai gare shi ba, ka yanke shi nan take ko da ƙarami ne, ka zubar da uwar da ƙasarta, ka wanke tukunyar tas.

Girgiɗi a cikin tukunya shi kaɗai ba hujja ba ne, tunda saiwar da ma kaɗan ce.

Sauran alamun suna da sauƙin karantawa. Bakin ganye ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, bushewar iska ce ko gishirin ruwa. Tabo fari-fari a ɓangaren da ke fuskantar taga, rana ce. Ganye ya zuƙe ya yi duhun kore yana langaɓewa, haske ya yi kaɗan ko taki ya yi yawa. Idan kuma ka ga wani farin abu ya dunƙule a lungun ganye, tururuwa na hawa da sauka, ƙwari ne masu tsotso. A goge su da auduga da sifirit, a guji maganin feshi mai mai da man sa ganye sheƙi, domin suna toshe 'yan ɓawon da take sha da su.

Ba kowace fulawa ce haka ba

Wajibi ne mutum ya san abin da ke cikin tukunyarsa, domin shawarar da za ta ceci wata ita ce za ta kashe wata. Ɗauki okid, musamman irin Falanofsis mai faffaɗan ganye huɗu ko biyar da dogon kara mai lanƙwasa, wadda asalinta dazuzzukan Filifin da Indonesiya da maƙwabtansu ne. Ita ma a jikin bishiya take zama, amma furenta ta gefe yake fitowa, daga tsakanin ganye, idon tsironta yana nan yana aiki. Tana iya shekara goma ko fiye tana fure. Saboda haka idan okid ta fara lalacewa bayan fure, akwai matsala, kuma galibi a saiwa take. Sau da yawa ana sayar da ita cushe cikin busasshiyar gansakuka mai riƙe ruwa, wadda ta dace da gonar gilashi amma a ɗaki takan shaƙe saiwa. Saiwa mai lafiya kauri gare ta, ruwan azurfa idan ta bushe, kore shar idan ta sha ruwa. Matacciya ruwan ƙasa ce, idan ka matsa ta fatar ta zame ta bar zare. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, okid ɗin da yawan ruwa ya kashe wa saiwa ganyenta yamutsewa yake irin na mai ƙishi, sai a ƙara mata ruwan. Kuma ruwan da ake zuba wa Guzmaniya a tsakiya, idan ya kwana a tsakiyar okid ruɓar da ita yake. Abu ɗaya da yanayin Arewa ya taimake ta da shi: ba ta fitar da karan fure muddin zafi ya tsaya sama da digiri 28, sai ta sami makonni na sanyi-sanyi, hunturu kuwa yana ba ta wannan.

Amarilis mai albasa a ƙasa ita kuma hutu take yi. Danginta ce albasar kwaɗi da ke ɓacewa da rani ta ɓullo da damina. Bayan fure a bar ganyenta su yi ta aiki suna cika albasar, idan suka bushe a ɗauke mata ruwa kamar wata biyu, za ta dawo.

Abin yi daga yau

Mu koma kan Guzmaniya. Idan dubawa ta nuna tsufa ne, aikin farko shi ne cire kan furen da zarar ya koma ruwan ƙasa. Goge wuƙa ko almakashi da sifirit, ka zura can ƙasa iya inda hannu ya kai ba tare da ka yanki ganye ba, ka datse. Ruɓaɓɓen kara cikin ruwa ƙofa ce ga cuta, kuma ƙarfin da za ta ɓata wajen neman yin iri gara ya tafi ga 'ya'ya. Bayan haka a rage ruwan tsakiya, tunda yanzu akwai kututture a ciki, a riƙa zuba kaɗan a lungunan ganyen waje. Ƙasar tukunyar kuwa sai samanta ya bushe, ka taɓa da yatsa ka ji, kafin a sake jiƙa ta, kuma kada ruwa ya kwana a farantin da ke ƙarƙashi. Taki ba zai dawo da uwa ba, garin neman gira ma sai a rasa ido, domin gishirin taki mai ƙarfi yana ƙona 'ya'yan tun suna toho.

A matsar da ita kusa da tagar gabas, ko bayan labule marar kauri. Lungun falo mai duhu da ta zauna lokacin tana ado ya isa haka. Fure ya jure shi, amma 'ya'ya ba za su girma a can ba.

Maganar ruwan ƙoƙo tana da ɓangaren da bai kamata a yi wasa da shi ba, wato sauro. A shekarun 1940 an yi fama da zazzaɓin cizon sauro a yankunan noman koko na tsibirin Tirinidad, masu bincike, cikinsu har da Colin Pittendrigh, suka tabbatar cewa sauron a sama yake hayayyafa, cikin ƙoƙon Buromeliyar da ke maƙale a bishiyoyin da aka shuka don yi wa koko inuwa. A 2016 kuma, lokacin cutar Zika da sauro ke yaɗawa, hukumomin birnin Miami Beach a Amurka sun tumɓuke irin waɗannan shuke-shuke daga filayen gwamnati. A wajenmu sauron da ke kawo maleriya ya fi son kududdufin ƙasa da rana ke bugawa, amma mai zanen fari a ƙafa, wanda ke yaɗa shawara da zazzaɓin denge, ɗan ruwa mai tsabta a cikin mazubi yake nema. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne idan da zafi. Don haka kowane mako a karkata tukunyar a zubar da tsohon ruwan, a kwarara sabo da ƙarfi ya wanke lungunan. Wanda ya san ba zai iya wannan ba, ya bar ƙoƙon babu ruwa, ya riƙa fesa ganyen yana jiƙa ƙasar kaɗan-kaɗan. Shukar tana rayuwa a haka, lafiyar yaran gida kuma ta fi fulawa.

A Tirinidad ɗin, da ruwan sinadarin jan ƙarfe aka riƙa fesa bishiyoyin don kashe Buromeliyar, saboda dangin nan ba sa jure jan ƙarfe ko kaɗan. Magungunan hana ruɓa da ake fesa wa tumatir da koko, da yawansu jan ƙarfe ne a ciki, kada su kusance ta. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki babu gishiri a cikinsa, yana jan hankali, amma ta jikin bututun jan ƙarfe yake biyowa, ni dai ba na ba da shawararsa.

A Legas ko Fatakwal, ko Kumasi ko Duwala, iskar gari ta yi wa shukar rabin aiki. A Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram kuwa sai an tashi tsaye. Damina babu damuwa. Da hunturu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali shukar tana son 50 zuwa 60 ko fiye, ga ƙura ta lulluɓe ganyen. Feshin ruwa da safe yana wanke ƙurar, amma laimarsa ba ta wuce 'yan mintuna. Abin da ya fi aiki shi ne tara tukwane wuri guda su yi wa juna laima, a ɗora su kan faranti mai tsakuwa da ruwa ba tare da gindin tukunya ya taɓa ruwan ba, nesa da ƙofar da iska ke bugowa. Gefen randar ƙasa wuri ne mai kyau idan akwai haske. Daren da sanyi ya kusa digiri 10 a shigo da ita ciki, kuma kada ta kwana da ƙoƙo cike.

Bazara ta fi wuya. Shukar da ta fi walwala tsakanin digiri 16 da 27 ce za ta fuskanci watan Afrilu mai haura 40. Baranda mai rufin kwano da jikin bangon yamma duk a guje su, domin ruwan ƙoƙon kansa zafi yake ɗauka. A nema mata ɗaki mafi sanyi a gidan, a ajiye ta ƙasa-ƙasa, amma ba daidai inda iskar na'urar sanyaya ɗaki ke busowa ba, don wannan iskar busasshiya ce. Sai ruwa. Na burtsatse da na rijiya a wurare da yawa yana da gishiri da farar ƙasa, alamarsa farin ɓawo da ke kamawa a gindin ganye. A tara ruwan sama bayan na farko ya wanke rufi, a zuba a jarka mai murfi. Jarka ɗaya ko biyu ta isa kai shuka guda har wata damina.

Wanda yake Arewa kuma yana son sayen sabuwa, ni Aechmea zan nuna masa. A wannan dangi, mai ganye laushi kore shar inuwa da laima yake so, mai ganye tauri toka-toka da ƙaya a gefe ya fi jure haske da bushewar iska.

Raba 'ya'ya da uwa

Buɗa ganyen ƙasa da yatsa ka leƙa. Za ka ga wani ɗan tsini kore mai haske ya manne a jikin uwar, da farko bai fi ɗan yatsa ba. Wani ya fito tun furen na da launi, wani sai bayan wata biyu ko uku. Yawanci biyu ne ko uku, wata uwar ta fi haka.

A nan haƙuri ne jari. Ɗan da aka cire da wuri yakan rayu, amma girmansa jan ƙafa yake, domin an raba shi da rumbun da yake ci. A jira sai ya kai kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin tsawon uwar, kamar santimita 15, ganyensa sun fara buɗewa sun yi nasu ƙoƙon, gindinsa ya yi tauri. Idan lokacin ya faɗo cikin hunturu ko bazara, a ƙara jira har damina ta sauka, babu abin da zai same shi a jikin uwa.

Ranar cirewa, zare shukar gaba ɗaya daga tukunya ka kwantar da ita. Janye tsohon ganyen da ya rufe gindin ɗan har ka ga mahaɗarsu, wani ɗan gajeren wuya mai tauri. Sa wuƙa mai kaifi da aka goge da sifirit ka yanka daf da jikin uwar, yadda ɗan zai taho da gindinsa cikakke. Idan ka fizge da hannu ya karye sama da gindin, ganyen watsewa za su yi, ba kuma zai kama ba. Rashin saiwa a jikinsa ba abin tsoro ba ne, zai yi tasa. Ajiye shi a inuwa kwana ɗaya bakin yankan ya bushe. Uwar kuma, idan da sauran kore a jikinta, mayar da ita tukunyarta, sau da yawa takan sake fitar da wasu.

Abin dasawa shi ne inda ake yawan kuskure. Laka, jar ƙasa da ɗanyen kashin shanu duk ba nata ba ne. Ana son abin da ruwa zai ratsa ya fice nan take: yankakken ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka ɗauraye don gishirinsa ya fita, gawayi da aka farfasa ƙanana, buntun shinkafa ko ɓawon itace, a haɗa kusan daidai wa daida. Tukunya ƙarama, faɗin santimita 10 zuwa 12, mai huji a ƙasa. Babbar tukunya ruwa take riƙewa fiye da abin da 'yar saiwar za ta iya sha. A dasa sama-sama, gindin kawai ya shiga, domin binne shi da zurfi ruɓa yake kawowa. Da yake ba shi da abin riƙo, kafa tsinken tsire uku a kewayensa su tallafe shi. Wannan tallafin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato: sabuwar saiwa idan shuka na motsi karyewa take. Cikin wata ɗaya zuwa biyu, idan ka taɓa shi ka ji ya tsaya daram, ya kama. Daga nan ana iya ba shi takin ruwa sau ɗaya a wata lokacin damina, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwalba, a fesa a ganye.

Ba dole ba ne ma a raba. Wanda ya bar su a jikin uwar, yana cire ganyenta idan sun bushe ƙamas, zai sami tukunya mai kawuna biyu ko uku, kuma sun fi saurin girma a haka.

Sai jiran fure, shekara biyu zuwa uku. Gaskiyar da ya kamata a sani tun yanzu ita ce, furen da aka raina a gida yakan kasa na kanti girma, domin ɗaki ba gonar gilashi ba ne. Wata kuma ta kai girma ta ƙi yi. A nan ne dabarar manoman abarba ke shigowa. Tun a ƙarni na 19 masu noman abarba a ɗakunan gilashi na tsibiran Azores na ƙasar Fotugal suka lura cewa hayaƙi yana sa shukokinsu fure a lokaci guda, daga baya aka gano iskar etilin ce a cikin hayaƙin ke yin aikin. Nunannun 'ya'yan itace ma suna fitar da ita. Sai a tsiyaye ruwan ƙoƙon tas, a sa tukunyar cikin babbar farar leda tare da nunanniyar tuffa ɗaya ko biyu, a ɗaure, a ajiye a inuwa kwana 7 zuwa 10. Kada rana ta taɓa ledar, dafa shukar za ta yi. Bayan an buɗe a koma kulawar yau da kullum, cikin mako 6 zuwa 14 tsakiyar takan fara canza launi.

Wasu manoman abarba da kabayid suke wannan aiki, sinadarin nan da hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya ta sha gargaɗi kan nunar da ayaba da mangwaro da shi. Iskar da yake fitarwa idan ya haɗu da ruwa tana kama wuta, ga dattin guba da ke cikinsa, don haka ba abin shigowa da shi ɗaki ba ne saboda fulawa. Ko da tuffar ma, kada a gwada sai shukar ta kai girman da uwarta ta kai. Ƙaramar da aka tilasta za ta yi furen, amma ɗan ƙanƙani, kuma da yake ba ta tara abinci a ganye ba, 'ya'yan da za ta bari kaɗan ne kuma raunana.